Ƙwari a Tukunyar Okid

Tun da Yaya ya dawo gidana da zama, bayan matarsa ta ce ya ba ta wuri, ba mu taɓa yini ba mu yi cacar baki ba. Ɗaki na ware masa, amma kafin ka ce me takalmansa sun cika falo, kofunan shayinsa kuma har kan taga, inda nake jera furannina na okid. Shekara da shekaru nake lallaɓa furannin nan. Ba a ƙasa ake dasa su ba, ɓawon itace ake zuba musu a tukunya, kuma ba sa son ruwa da yawa.

Wata safiya ina shirin fita aiki na ji ya ƙwala mini kira.

"Zo ki gani! Ƙuma ta cika miki gida, ƙazama kawai!"

Na zo na duba. Wasu fararen ƙwari ne ƙanana, ba su fi ƙwayar gishiri ba, sun rufe saman ɓawon. Ina taɓa tukunyar suka hau tsalle. Na cusa yatsa ciki, ya fito jagab, da ganyen shayi manne a jiki, ga warin ruɓa.

"Wannan ba ƙuma ba ce, Yaya, ba sa cizo. Damshi ke kawo su. Wa yake juye wa furannina ragowar shayi?"

"Taimakonki nake yi. Kin bar su da ƙishirwa kamar wata muguwa."

"Kicin ne ya yi maka nisa?"

"Ni kike gaya wa haka? Ni da na goya ki?"

"Ka goya ni ka kayar da ni. Ga tabon nan a goshina."

Ya ja tsaki ya shige ɗaki.

Da na dawo da yamma na shimfiɗa tsohuwar jarida a falo, na zazzage tukwanen. Na wanke saiwoyin a famfo, na yanke waɗanda suka yi baƙi suka yi laushi, na wanke tukwanen da ruwan zafi, na zuba sabon ɓawo busasshe. Yaya na zaune a kujera yana sosa ƙafa da ƙarfi don in ji. Da na gama, ya hango guda biyu-uku suna tsalle a bakin taga.

"Ga su nan! Aikin banza kika yi."

"In wurin ya bushe za su tafi da kansu. Don Allah kada ka taɓa."

Washegari da na dawo daga aiki, tun daga matakala warin maganin sauro ya tarbe ni. Na buɗe ƙofa ina tari. Ya fesa wa furannin gwangwani guda cur. Ganyayen na ɗigar da mai, fararen furannin sun yi ruwan ƙasa sun langaɓe. Shi kuwa yana tsaye da gwangwanin a hannu, sai ka ce wanda ya dawo daga yaƙi.

"Na gama da su. Abin da ya gagare ki ke nan."

Na shiga ɗakinsa na jawo jakarsa, na tura kayansa ciki yadda suka zo hannuna, na ajiye ta a bakin ƙofa.

"A kan ciyawa za ki kori ɗan'uwanki?"

"Gidan Kawu da faɗi. Ba ni makullina."

Ya wurgo shi ƙasa, ya ce sai na neme shi wata rana, ya buga ƙofar har labule ya motsa.

Na goge ganyayen da ruwa ɗaya bayan ɗaya, amma duk suka zube, tukunya ɗaya ce kawai ta rayu, ita ma ba ta sake fure ba tukuna. Yaya ya bi dangi yana cewa ƙuma ce ta cinye shi a gidana, da ya yi magana na kore shi. Mun haɗu a bikin 'yar Kawu, na gaishe shi, ya kau da kai. Ni ma ban ƙara ba.