Kafaɗar Gidaɗo

Gidaɗo yashi yake ɗebowa daga ƙasan kogin Wudil. Aikin shi ne ka nutse da bokitin ƙarfe, ka cika shi, ka taso, ka ɗaga shi sama da kanka ka juye a kwale-kwale. Shekara goma sha ɗaya yana yi. A daminar bana kafaɗarsa ta dama ta goce sau uku.

Masu nutso suna da nasu maganin. A kwantar da mutum a gaɓa, Halliru mai kwale-kwale ya kafa masa dunduniya a hammata, ya finciki hannun har ƙashin ya koma da ƙara. Sai a yi dariya a ce ya tashi. Wanda ya yi kwana biyu bai zo ba, an ba wani gurbinsa. Muguwar doka ce, kuma su suka kafa wa kansu.

Maƙwabcinsa Istifanus, mutumin Kaltungo mai koyar da ilimin sassan jiki a jami'a, ya tarar da shi da safe a ƙofar gida yana kokawa da riga.

"Malam Gidaɗo, an tashi lafiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Malam. Rigar ce ta matse."

"Rigar da za ta ɗauki biyunka? Ɗaga hannun in gani."

Hannun ya kai daidai ƙirji ya tsaya yana rawa. Istifanus ya danna shi da yatsu biyu, ya faɗo kamar tsumma.

"Wannan tsokar ta sama mai tudu ita ke ɗaga hannu," in ji Istifanus, "kuma taka ƙalau take, shi ya sa kake ganin da sauran ƙarfinka. A ƙarƙashinta akwai ƙanana huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin damtse. Gurbin ƙashin ba shi da zurfi, kamar an ɗora lemo a murfin kwalba. Su huɗun ke riƙe shi. Ɗaya ta yage, ko tana dab da yagewa. In ka ɗaga kaya sama da kai, babbar za ta ja, ba mai riƙewa."

"Ai Halliru yana mayarwa."

"A gaɓa yake mayarwa. In ta goce kana tsakiyar ruwa fa? A yi hoto a Kano tukuna. Wata uku ba nutso, aƙalla."

"Wata uku, Malam? Ko sunana an manta a bakin kogi."

Ya gane maganar sarai, kada wani ya ce jahilci ne. Washegari ya je ya gaya wa Halliru abin da Istifanus ya ce, ya roƙe shi ya mai da shi tuƙi na ɗan lokaci.

"Tuƙi nawa ne," in ji Halliru. "Shi malamin naka ya taɓa shiga ruwan da ya fi na wanka? In ka gaji ka faɗa, ga Ja'afar nan tun bara yake naci."

Ja'afar, ƙanin matar Halliru, yana zaune a kan tsibin yashi, har ya tuɓe riga. 

Gidaɗo ya ɗauki bokiti.

Ruwan Agusta ne, ja, mai gudu, ba ka ganin tafin hannunka a ciki. Ya nutse ya taso sau huɗu, yana tura bokitin da ƙirji da hannun hagu, rabin yashin na zubewa.

"Ɗaga sosai, ɗan'uwa," in ji Halliru. "Kogin kake mayar wa kayansa?"

A na biyar ya ɗaga da hannun dama. Bokitin ya kai gefen kwale-kwalen ya tsaya. Halliru ya ji ƙarar da ya sani, wadda ya saba ji a gaɓa. Bokitin ya koma ruwa, Gidaɗo ya bi shi, bakinsa a buɗe.

Halliru ya zura gorar tuƙi a inda kan ya ɓace, ya laluba dama da hagu. Ya kira sunansa. Sauran masu nutson suka saki bokitansu suka fara iyo zuwa gabas, inda ruwan ke tafiya.