Wankan Baba Nuha

"Ni dai hannuna ba ya taɓa shi, Salihu," in ji Issoufou. Ya dire bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ya ja da baya.

Gawar Baba Nuha na kan katifa, na lulluɓe ta da zanen gado. Issoufou ne ke yi wa mamatanmu wanka a wannan lungu na unguwar Hindawiyya. Sa'ud, mai gidan da muke haya, ya tafi wurin umda, wato mai unguwa, neman takardar binnewa. Kafin ya fita ya ce in mun shirya gawa kafin azahar, zai tsaya a kai ta masallacin Harami da la'asar. In kuwa mutanen gida suka ce ba su tabbatar da addininsa ba, to sai firjin asibiti, har ranar da aka gano ɗan ina ne. Nuha ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kamar ni, kuma babu mai zuwa cigiyarsa.

"Me ya yi maka?" na ce.

"Da idona na ganai bisa rufin gida, rana na hitowa, ya tasa ta gaba, yana ɗaga hannu yana saukewa kamar mai iyo. Sallar wace mazhaba ce wannan? Ga kuma wancan." Ya nuna jar takarda a bango, mai rubutun Sin.

"Sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci."

"Tsayuwa kowa na iyawa, ya shehu."

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da Nuha. Basine ne, mutumin Sin, ya zo aikin hajji tun da ƙarfinsa, bai koma ba. Ɗinkin jakunkuna yake yi. Bayan la'asar yakan dafa shayi ba sukari, ya yi ta magana da Hausar da ya tsinta a wurin mutanenmu, rabi Larabci. Ni nawa sauraro.

Ubansa mai kula da wani ɗakin ibada ne a kan dutse, na masu bin Tawo, wato Hanya. Nuha ya ce a wurinsu ana ba da labarin wani tsoho mai ajiye takardun sarki, da ya gaji da rigimar fada ya hau bauna ya nufi yamma. Mai gadin iyaka ya hana shi wucewa sai ya rubuta abin da ya sani. Abin da ya bari shi ne cewa komai na duniya yana da hanyarsa, mutum ya daina kokawa da ita, ya rage so, ya rage surutu. Daga nan masu maganinsu suka ɗibi nasu, masu motsa jiki ma suka ɗiba. Abin da Nuha yake yi a kan rufi ke nan, jan numfashi ne da sassauta gaɓoɓi.

"Babu sujada a ciki," ya taɓa ce mini. "Gwiwa ce kawai, Salihu. Gwiwa maskin."

Da ya musulunta a hannun wasu 'yan kasuwa, ya hau dutsen yana jiran duka. Uban ya zuba masa shayi. Can ya ce, "To wa zai share mini kabari?" A can, rana guda a shekara, ɗa ke share kabarin ubansa. Shi ya sa duk shekara in ranar ta zo, Nuha kan ɗauki tsintsiya ya share matakalar gidanmu daga hawa na huɗu har titi, ba ya kula kowa. Hadijatu ta hawa na biyu takan ce tsohon ya fara zarewa.

Tari ya kama shi bayan hajjin bana. Ya ƙi asibiti don tsoron a tasa ƙeyarsa ƙasarsu. Satin ƙarshe ba ya iya hawa sama, sai in ga yatsunsa kaɗai na motsi a hankali a kan bargo.

Na faɗa wa Issoufou duk wannan. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba a gidan.

"Takardar fa?"

"Sunan babansa ne. Haka ya ce. Ni bokon ma sai da na yi furfura na koya, balle wannan."

"Ka ji shahada bakinai?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma ban ji ba.

"Na fita sayo masa burodi bayan asuba. Na dawo na tarar."

"To ka gani." Ya girgiza kai. "Halas. Allah shi sani, ni ban sani ba."

Na duba agogo, sha ɗaya saura. Na tuɓe rigata ta sama, na ɗauki bokitin. Nuha ba shi da nauyi, ni kaɗai na kai shi banɗaki na shimfiɗe a kan katakon da yake yanka fata. Na tura ƙofa, na tsaya da moɗa a hannu. Shekarata sittin da uku, ban taɓa wanke mamaci ba. Ban san ta inda ake farawa ba.

Ban ji saukar takalmin Issoufou a matakala ba. An jima sai gyaran murya daga bayan ƙofa.

"Ka suturta mishi tsakanin cibi da gwiwa?"

"Na yi."

"Naɗe tsumma ga hannunka. Ɗaga shi kaɗan, ka matsa cikin. Sannu, ba buhu ba ne."

Na yi yadda ya ce.

"Yanzu alwala, kamar mai rai. Sannan ɓangaren dama."

Na zuba. Ruwan ya bi kafaɗar Nuha ya sauka kan siminti, ya malala ta ƙarƙashin ƙofa. Ta wannan 'yar kafar ina hango ƙafafun Issoufou cikin silifa. Ruwan ya kai gare su, ya jiƙa yatsun, bai matsa ba.