Takalma a Bakin Rami

Jiya da daddare na yi wani irin mafarki, har yanzu ƙurarsa ba ta gama fita daga maƙogwarona ba. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a ciki, don mafarki ba ya zuwa wa mutum haka kawai.

Sunana Labbo, haƙar zinariya nake yi a Kwarin Gamji, sana'ar da na tarar ubana yana yi. Ɗana Zayyanu yana sakandare. Makarantarsu ta sa yau ce ranar baje kolin aikin hannu, kowane ɗalibi ya kawo abin da ya ƙera, a kuma gayyato masu sana'o'i daga birni su gaya wa yara abin da mutum zai iya zama ban da haƙa. Shi nawa ƙafar tsohon kekena ya cire, ya ɗaɗɗaura mata fukafukan gwangwani a cikin rabin duro, ya jona dogon tiyo, wai in an juya za ta tura iska har ƙasan rami. Ya daɗe yana bina in tsaya in gani. Kullum sai in ce na gaji, kuma Allah ya sani ba ƙarya nake yi ba.

Jiya bayan magariba na ajiye masa sababbin takalman roba, shuɗaye, na ce gobe ba makaranta, sabon raminmu ya fara nuna alheri kuma ina bukatar hannu. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce ya kwance ƙafar keken ya mayar inda ya ɗauko ta. Uwarsa Kulu ta dubi takalman, ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki.

Ta san abin da suke nufi. A wurinmu ba a shiga rami da takalmi, yatsun ƙafa ne ke kama matakan da aka sassaƙa a bango. Kowa zai tuɓe nasa a bakin ramin, da yamma kowa ya ɗauka, wanda ya rage shi zai faɗi wanda bai fito ba. Shi ya sa ranar da yaro zai fara sauka ubansa yake saya masa sababbi, waɗanda kowa zai gane. Wanda rami ya riƙe kuwa ba a ɗauke nasa, sai a ɗora dutse a kai don kada kare ya ja. Na ƙanena Mudi suna nan ƙarƙashin dutsensu a bakin tsohon rami, tun shekarar da iska ta ƙare masa a ƙasa, ramin kuma ya rufta kafin a kai gare shi.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a hanyar makaranta da hantsi, sanye da rigar Juma'a. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa, ɗigo-ɗigo, ya wuce gwiwa, ya wuce kunne, ya tafi sama ya taru. Mutane suna tafe kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa ko ɗigo babu.

An mayar da makarantar ƙasan rami, wai don ta fi kusa da ɗalibai. In za ka sauka kuma sai ka hau tsani. Na yi ta hawa, na yi ta hawa, har na iso ƙasa.

A ƙofa wani bunsuru ne zaune bayan tebur, da tabarau a karan hanci, yana taunar takardar gayyata a natse.

Ya ce, "Baƙo ko uba?"

Na ce, "Uba."

"To, tuɓe. Yau uwaye za a gwada, ba yara ba."

Na tuɓe. Takalmana suka taka da kansu suka je suka shiga layin sauran, sannan suka juyo suna fuskantata. Layin ya yi tsawo ƙwarai, kuma na gane da yawa daga cikinsu.

Ciki fili ne mai faɗi, an jera tebura, kowane yaro tsaye bayan aikinsa da farar rigar makaranta. Ba hayaniya. Wannan shi ne abin da ya fara ba ni tsoro, taron yara har haka amma kana jin ɗigon ruwa yana tashi. Ige, 'yar maƙwabcina da ke taya uwarta niƙa dutse, ta yi matatar ruwa da tulu da yashi da gawayi. Ta zuba ruwa mai laka ta sama, ta tara kofi a ƙasa, sai tari ya fito, busasshe, irin na tsofaffi. Wasu awaki da ke alƙalanci suka gyaɗa kai, ɗaya ta sa baki ta ɗanɗana. Kusa da ita wani yaro ya haɗa fitila da batir, in ya kunna sai duhu ya bazu a teburin.

Na ce, "Kai, wagga mi amfaninta?"

Ya ce, "Don a saba tun ana sama, Baba."

Sai ga ni a babban ɗakin taro. Nan ne masu sana'o'i suke jawabi. Farar rigar likita ce rataye a ƙusa tana magana ta lasifika, ba kowa a cikinta. Kusa da ita hular kwano ta injiniya tana gyaɗawa, ba kai a ƙarƙashinta. Akwai wasu riguna da yawa a jere har ƙarshen bango, duk sababbi, da guga a jikinsu. Na taɓa wata tsohuwar akuya da ke shara, na tambaye ta ina masu kayan.

Ta ce, "Nan garin za su hito. Jiran su muke su girma, amma kullum rami na riga mu."

Yara sun yi layi don a auna su a ga rigar da za ta yi wa kowa. Bunsurun ƙofa ne mai awo, kuma da igiyar rami yake yi. Zai ɗora ta a kafaɗar yaro, ya ce, "Daidai da bakin rami." Sai a buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasa yaron ya shige. Kowa daidai yake fitowa, siriri da kakkaura, don igiyar takan miƙe ta kuma tsuke yadda ta ga dama. Duk yaron da ya iso gaba sai rigar likitan ta ɗaga hannu kamar za ta kira shi, in ya shige sai hannun ya koma ya rataye. Na leƙa layin ina neman Zayyanu, ban gan shi ba. Na yi hamdala, don na ɗauka yana wajen aikinsa.

Teburinsa yana can ƙarshen fili. Ga duro, ga ƙafar keke, ga tiyo ya bi ta gefen tebur ya nutse cikin ƙasa. Zayyanu ba ya nan. A kan teburin, inda ya kamata a rubuta sunansa, shuɗayen takalman ne a jere.

Akwai mutum zaune a kan duron, ƙafa ba takalmi, jikinsa fari fat da ƙura har gashin ido. Ya ɗago. Mudi ne, yadda na san shi, bai ƙara ko furfura ɗaya ba.

Ya ce, "Yaya, ka iso? Ina kwana."

Na ce, "Lahiya lau, Mudi. Mi kaka yi nan?"

"Ni anka sa babban alƙali. Sun ce ba wanda ya kai ni sanin darajar iska." Ya shafa duron. "Wanga yaro ya iya aiki. Da ya zo da wuri kaɗan, da na sha."

Ya faɗe ta ba fushi, kamar mai labarin kasuwa. Ni kuwa na kasa dubansa. Na yi kewar ƙanena, na so in rungume shi, amma ina tsoron kada ya zube.

Na ce, "Ina mai aikin?"

Ya nuna tiyon da haɓa. Na durƙusa na kara kunne a jikinsa. Can nesa, ƙasa da ƙasa, na ji numfashi, gajere-gajere. Sai murya.

"Baba."

"Zayyanu! Mi ya kai ka nan?"

"Kai ka ce in tahi. Baba, juya mani, akwai zahi."

Na kama ƙafar keken na juya da ƙarfina duka. Ta ɗauki kuka, ƙii, ƙii. Sai na ji iska tana bugun fuskata, mai ɗumi, mai ƙamshin sabulun da Kulu ke masa wanki da shi. Mudi ya dafa kafaɗata.

"Yaya, zuƙowa kake. Iskar tashi kake kwashewa."

Na tsaya, na juya ɗaya gefen. Iskar ta ci gaba da fitowa. Akwai wani ɗan marfi a jikin duron, da wata waya da aka lanƙwasa, da wani abu kamar sakata. Na taɓa wannan, na ja wancan. Hannuwan da suka yi shekaru suna gane jijiyar zinariya a cikin duhu sun kasa gane aikin ɗan cikina. Na yi ihu a bakin tiyon na ce ta wane gehe aka juyawa, wace aka buɗewa.

Muryar ta ƙara nisa. "Na so in gwada maka, ka ce ka gaji."

"Gwada mani yanzu!"

"Ba a gani nan, Baba."

Na juya wajen Mudi na roƙe shi. Ya buɗe tafukansa, ƙura ta zubo. Ya ce shi alƙali ne, ba a yarda ya taimaki uba ba.

Sai aka busa usur. Ruwa ya tsaya cak a inda yake, kowane ɗigo a rataye. Awaki suka jeru, yara suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Lasifika ta ce aikin da ya zo na ɗaya shi ne na ɗan Labbo, a tafa wa mahaifinsa. Aka tafa, amma ba ƙara, hannuwa kawai ke haɗuwa. Bunsurun ya taho a hankali da faranti an rufe da farin ƙyalle. Da ya iso ya yaye. Dutse ne, madaidaici, irin wanda ake ɗauka da hannu biyu.

Ya ce, "Uba shi ka ɗorawa. Haka al'ada take."

Na ce ba zan karɓa ba. Na duba sai ga shi a hannuna. Na ce yaron yana da rai, ga numfashinsa nan a tiyo, kowa ya zo ya ji. Ba wanda ya musa mini. Hannuwana suna sauka da kansu wajen shuɗayen takalman, ni ina ja baya su suna sauka. Da ƙafata ta hagu na lalubi ƙafar keken ina turawa, ko Allah zai sa in dace da gefen. Dutsen ya kusa taɓa robar. Ƙafar keken tana ƙii, ƙii, sai kuma ƙwal, ƙarfe ya faɗi.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Kulu tana hura wuta. Ƙwal ɗin sifanar kwance noti ce ta suɓuce a tsakar gida.

Na fito ko riga ban sa ba. Zayyanu yana tsugune gaban duronsa, ya riga ya kwance noti ɗaya, ƙafar keken tana lilo. Shuɗayen takalman suna ƙafarsa. Da ya gan ni ya yi sauri ya ce yanzu zai gama, ba zai makarar da ni ba.

Na ce, "Tuɓe su."

Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya tuɓe. Na ɗauke su na cusa a ƙarƙashin rumbu, can ciki inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Sannan na tsinci notin a ƙasa na miƙa masa, na tsuguna kusa da shi.

Na ce, "Maida shi. Kahin ka tahi makaranta, gwada mani ta wane gehe aka juyawa."