Kan Jirgin Hananiya Ya Ƙi Sayuwa

Hananiya ya tarar da kan jirgin ne a ƙasan jakar da mahaifiyarsa ta aiko masa daga Kafanchan zuwa ƙasar Larabawan da yake zaune, naɗe cikin tsohon zani. Ɗan kan jirgin ƙasa ne na wasa, baƙi, na ƙarfe, wanda ake wanawa da makulli, ga guntayen layin dogonsa. Wani Bature ne ya ba mahaifinsa lokacin yana aikin reluwe.

Matarsa Jael ta dawo daga aikin asibiti, ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Baban Diana, falon nan namu na unguwar Muntazah ko kujera ta uku bai ɗauka ba. Ka sayar."

Sai ya kira abokinsa Mu'azu, injiniya a kamfanin gas, wanda yake ji da kansa wajen sanin farashin komai, daga mota har tumatirin kasuwar Abu Hamour. Mu'azu ya zo, ya sa tabarau, ya juya jirgin, ya duba waya.

"Irinsa na tsada sosai a Turai, in da kwalinsa na asali. Ina kwalin?"

"Mama ta daɗe tana ajiye daddawa a ciki."

"To, rabin kuɗin ya tafi. Wannan jan na tayoyin fa, na kamfani ne?"

Hananiya ya sosa ƙeya. "Jan farcen yayata ne."

"Wani rabin ya bi shi. Saura mu gani ko yana tafiya."

Suka ture teburin tsakiya, suka haɗa layin a kan kafet, suka ɗiga masa man keken ɗinki. Hananiya ya wana makullin. Jirgin ya yi ƙara kamar mai tari, ya girgiza, ya kama hanya. Niyyarsu su ɗauki ɗan bidiyo na talla ne, amma har la'asar ta yi suna rub da ciki. Kofin shayi ya zama tashar Kafanchan. Mu'azu ya dage sai an tsaya a Zariya, ya ajiye tabaransa ya ce nan ce.

Da aka sa tallar, wani dattijo ɗan Indiya ya kira, ya amince da kuɗin da Mu'azu ya yanka. Hananiya ya ce ai farashi ya tashi. Mutumin ya sake kira, farashi ya sake tashi. Jael tana kicin, tana jin komai.

Da Mu'azu ya dawo ranar Juma'a ta tare shi a ƙofa. "Malam Mu'azu, me ya hana cinikin nan?"

"Maman Diana, kasuwa ce ke ta tashi. Gara a jira."

"Kasuwa na tashi, ku kuwa kun ƙi tashi daga ƙasa."

Suna cikin haka aka ƙwanƙwasa. Dattijon ne da kansa, riƙe da jaka. Hananiya ya fara shirya sabon farashi a ransa, amma mutumin ya buɗe jakar, ya fito da taragu masu kyau. Ya ce shi taragu gare shi ba kai, kuma ya gane ba za a sayar masa ba. Ko za a bar shi ya haɗa su ya gani, ko da sau ɗaya?

Jael ta dubi mijinta, ta dubi farin gashin baƙon.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Baba, shigo. Ku kuma ku ɗaga teburin nan ku kai ɗaki kafin wani ya fasa goshi."

Ta koma kicin ta ƙara shinkafa a tukunya.