Ruwan Ɗumin Maite

Sanyin Yuli ya kama Montevideo, amma ɗakin binciken kamar ana biki. Yamandú ya kira kowa gaban allon kwamfuta. Ga hoton ƙarin ciwon dajin da ya ciro daga jikin ɓerayen da ya yi wa allurar sabon maganinsa: ƙwayoyin garkuwar jiki sun kutsa cikinsa sun cika shi maƙil, jajaye kamar garwashi. Ɓerayen da ba a ba magani ba kuwa, nasu fayau.

"Maite, zo ki ga sojojina!" ya ce. "Shekara nawa ina roƙonsu su shiga, yau sun shiga da takalmansu."

Maite ta matso, fulas ɗinta a hammata kamar kullum. Ita ce ke auna ƙarin ɓerayen kowace safiya, kuma ta daɗe tana son Yamandú, irin son da ba ya iya fita daga maƙogwaro.

Farfesa Nélida, shugabar ɗakin, ta gyara tabarau. "Wannan ya isa digirinka, ɗana. Ke 'yar nan, zuba mana shayin mate mu sha. In ba yau ba sai yaushe?"

Maite ta karkata fulas a kan ƙoƙon ganyen shayin da suke sha bi da bi. Ɗigo biyu suka faɗo.

"Kullum haka," Yamandú ya yi dariya. "Ki shigo da shi cike, kafin hantsi ya bushe ƙaf. Malama, ko wanka kike yi da shi?"

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta san inda ruwan ke tafiya.

Kejin ɓerayen maganin yana can ƙasa, daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da ta fara ganinsu sun cure wuri ɗaya suna makyarkyata, tausayi ya kama ta. Ai ɓerayen Yamandú ne. Sai ta cika safar hannu ta roba da ruwan fulas, ta ƙulle bakinta, ta jingina da bangon kejin. Kullum haka take yi, ta ɗauke kafin kowa ya gani. Ɓerayen da ba a ba magani ba kuwa ba su taɓa samun wannan gatan ba. Kuma ta sani, don a aji an koya musu, ɗumi kaɗai kan ƙara wa garkuwar ɓera ƙarfi.

Ta so ta yi shiru. Amma ga shi ya ɗauki waya zai kira mahaifiyarsa.

"Kada ka kira," ta ce. Idonta na kan takalminta ta faɗi komai.



"Wato ba mu san ko maganina ne ko ruwan shayinki ba," Yamandú ya ce a hankali. Da ma tsawa ya yi mata, da ya fi sauƙi.

"Sanyi suke ji," ta ce. Da ta ji yadda maganar ta fito, ta so ƙasa ta tsage.

Farfesa ta cire tabaran ta murza idanu. "A nemo sababbin ɓeraye. Daga farko."

Yamandú ya kife wayar a kan tebur. Ya zare fulas ɗin daga hannunta ba tare da ya dube ta ba, ya je ya cika shi, ya zuba wa Farfesa, ya zuba wa kansa. Da layi ya zo kanta ya ɗan tsaya, sannan ya miƙo mata ƙoƙon.

Ta karɓa da hannu biyu. Ya yi zafi ƙwarai, ta kasa kai shi baki.