Wai a Yi wa Inna Faɗa

Likita ya daɗe yana zuba Turanci yana buga tebur da biro. Da ya yi shiru, tafinta ta juya ga tsohuwar da ke zaune a bakin gadon gwaji.

"Inna, ya ce ki riƙa shan maganin hawan jinin nan ke kaɗai, ki daina rabawa da Baba."

"Yo shi da ya rantse ba zai taka asibiti ba?" in ji tsohuwar. "Tun muna da haƙora ban taɓa sa abu a baki na hana shi ba. Sai a kan 'yar ƙwaya?"

Likita ba ya jin Hausa, amma yana da kunne. Ya ji duk masifar da ya zazzaga ta fito daga bakin tafinta a sanyaye, kamar ana lallashin jariri.

"Scold her," ya ce, yana nuna tsohuwar da biro.

Tafinta ta san kalmar tun tana 'yar makaranta. Faɗa ne, irin wanda uwa ke yi wa ɗan da ya shigo mata ɗaki da taɓo a ƙafa. Daga sama yake gangarowa. Ba ta taɓa jin ya hau tudu ba.

Ta ce masa da Turanci matar nan ta yi jika da su duka biyun. Saƙo ya isa, amma faɗa kam ba za ta yi ba. Ya ce bakinsa aka ɗauke ta ta zama, ba matatar maganarsa ba. In aikin ya fi ƙarfinta, masu neman kujerar suna da yawa. Ita kuwa ko tabbatar da ita a aikin ba a yi ba tukuna.

"Me yake ta kumfar baki a kai ne?" tsohuwar ta tambaya.

"Wai in yi miki faɗa, Inna. Na ce ban iya ba. Wai zai sa a sallame ni."

Tsohuwar ta gyara mayafi, ta ƙare wa likita kallo daga sama har ƙasa.

"Gaya wa yaron nan ya sauke tsinken nan daga fuskata, ni ba akuya ba ce. Tun da na shigo ko sannu bai ce min ba. Haka aka koya masa a gidansu? In jinina ya dame shi, ya bi ni gida ya auna tsohona ya ba shi nasa, sai in daina rabawa. Ji shi, ƙato da shi, maɓallin riga ma ya sa a karkace."

"Duka zan faɗa masa, Inna?"

"Har maɓallin."

Likita ya harɗe hannu yana jiran ban haƙuri. Tafinta ta miƙe tsaye ta gyara murya. Wataƙila wannan ce fassararta ta ƙarshe a ɗakin nan, don haka ta natsu ta yi ta da kyau.

Ta fara da akuyar.