Nauyin Gesina

Ranar wata Talata, a ƙarshen bazarar 1648, aka ɗora Gesina, matar Wessel masunci, a kan sikelin da ake auna cuku, don a gane ko mayya ce.

Shanun maƙwabcinsu Rutger ne suka mutu, uku cikin mako guda, kuma an ga Gesina ta leƙa garken ta kan shinge. Ba ta haihu ba, ba ta da yawan fara'a, ga shi ta iya karatu. A ƙauyensu wannan ya isa shaida. Aka daina sayen kifin Wessel. Aka fara tara itace a bayan coci, babu wanda ya ce na mene ne.

Kowa ya san mayya ba ta da nauyi, in ba haka ba yaya take tashi sama? Mafita ɗaya ta rage musu: gidan awo na Veldermond, tafiyar kwana biyu hayin iyaka, wanda alƙalai ke girmama takardarsa.

Da safen tafiyar, tana can tana tatsar akuya, Wessel ya farke kalmasar siket ɗinta, ya jera dalmar tarunsa a ciki, ya ɗinke. Ya gaya wa kansa ƙauna ce. Gaskiyar ita ce, shekara goma sha huɗu suna ci a kwano ɗaya, amma bai san abin da sikelin zai faɗa ba.

Suka kama hanya su huɗu, har da Rutger da dattijon ƙauye a matsayin shaidu. Kwana biyu siket ɗin yana dukan ƙwaurinta. Abin da ta ce kawai, hanyar ta fi yadda aka gaya mata tsawo.

*

Mai awon, Lubbert, gajeren tsoho ne mai yatsu duk tawada. Ɗakinsa cike yake da kwalabe da igiyoyi masu lilo. Ana cewa sababbin littattafan Italiya sun taɓa masa kai, domin ba ya karɓar magana, ko ta magabata ce, sai ya gwada ta sau uku.

Akwai ƙa'idar gidan da Wessel bai sani ba. Kafin awo, ungozomar gari kan shiga da mace bayan labule, ta tuɓe ta, ta kwance mata gashi, ta ba ta farar riga shara-shara. Ba a jima ba ungozomar ta fito riƙe da siket ɗin, ta sa almakashi. Dalma ta zube a kan daɓen katako, ɗaya bayan ɗaya.

"To, ga shi nan," in ji Rutger. "Mai gaskiya me za ta yi da dalma? Ranka ya daɗe, ai ba sai an auna ba."

Gesina tana tsaye babu takalmi. Kalma ɗaya za ta faɗa laifin ya koma inda ya fito. Ta ɗaga kai tana kallon azarar rufi. Wessel ya sunkuyar da kai yana kallon dalmar.

Lubbert ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki guda, ya juya ta. Ya duba ɗinkin kuma.

"Dalmar taru ce. Ɗinkin kuwa na namiji ne, makaho ma ya fi wannan hannu." Bai kalli Wessel ba. "Abin da ta nuna shi ne akwai matsoraci a gidan, ni kuma ba ni da sikelin auna tsoro. Hau, 'yata."

Ya auna ta, ya sauke ta, ya sauya mata gefe, ya sake. Sau uku, laba ɗari da talatin da ɗaya. Rutger ya ce ai Shaiɗan ne ya danne mata faifan sikelin. Lubbert ya ce wannan magana ce mai kyau, kuma ana iya gwada ta: a ɗora wanda aka tabbata Shaiɗan ba ya taimakonsa, a kwatanta. Ya juya ga Rutger.

"Hau mu gani, maigida. Kai dai ai babu mai zarginka."

Rutger siriri ne kamar sandar kamun kifi. Ya hau yana gunaguni. Laba ɗari da goma sha takwas.

"Ta fi ka da sha uku," Lubbert ya faɗa yana rubutawa. "In ƙa'idarku gaskiya ce, da kai za a fara."

Dattijon ƙauye ya shiga tarin da bai zo da shi ba. Lubbert ya buga hatimi a takardar, sannan ya shawarci Rutger ya je ya duba ruwan da shanunsa ke sha, in akwai marina a sama da shi. Akwai kuwa.

*

Itacen bayan coci ya koma murhun mutane. Masu sayen kifi suka dawo, babu wanda ya ba da haƙuri. Bayan shekara biyu suka sami wata da suka kira mayya, gwauruwa, wadda ba ta da mai raka ta tafiyar kwana biyu.

Gesina ta ƙara shekara ashirin da biyu a duniya. Wessel ya san darajar kowacce. Duk kaka sai ya aika wa Lubbert kyafaffen kifi, har tsohon ya rasu. Wannan godiyar mai sauƙi ce, kwando kawai take buƙata.

Ɗayar ce ta gagare shi. Washegarin dawowarsu ya tarar da Gesina a bakin ƙofa tana shafa kitse a ƙwaurinta, duk ya yi baƙi ya kumbura. Nan ya gane tun takun farko ta san abin da ke cikin siket ɗin, ta kuma san hannun da ya sa. Ta ja rigarta ta rufe, ta tambaye shi ko zai ci burodi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko a faɗansu mafi zafi, kuma sun yi faɗa da yawa.

Ya sha shirya kalmomin a cikin kwale-kwale. Kullum sai ya ga gobe ta fi dacewa. Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku, rana ta ukun yana kan ruwa.

Yanzu yakan zauna a bencin ƙofa, a gefen da ba nata ba. Gafara yana ganin ta yi masa tun a hanya. Abin da ya so ya ce mata gajere ne: na gode da ba ki taɓa tambayata dalili ba.